Ƙaiƙayi da Kwal a Tanderu Ɗaya

Tun shekarar 1‌9‌2‌0 da ɗoriya Jami'ar Iowa ta ƙasar Amurka take ƙona kwal domin ɗumama azuzuwanta da asibitinta a lokacin hunturu, har zuwa 2003, sa'ad da ta fara gauraya shi da ƙaiƙayin hatsin da ake kira ots, wanda ake kwasowa daga masana'antar Quaker Oats da ke Cedar Rapids. Mas'alar da ke gabanmu ita ce: shin wanda ya rage ɓarna, alhali bai bar ta ɗungurungum ba, ya cancanci yabo?

Ni a ganina ya cancanta, domin fuƙaha'u sun tabbatar cewa idan cuta biyu suka haɗu sai a ɗauki mafi sauƙi, kuma ita giya ma a kan tadriji aka haramta ta. Ga shi kuwa hayaƙin ƙaiƙayi abin da tsiro ya shaƙa ne a daminar bara, na kwal kuwa ajiya ce da Allah Ya binne tun zamani mai nisa. Sai dai sharaɗin tadriji shi ne niyyar bari, kuma wajibi ne a bar wa gona da dabbobi haƙƙinsu na ƙaiƙayin da ke ciyar da su.