Suna da Alkawari a Cikin Kwamfuta

Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, a Bosso ne ko a Gidan Kwano, muddin da Linux yake aiki, ya rataya ne a kan alkawarin mutanen da bai taɓa gani ba. Manhajarsa ta C++ ba ta tsayawa da ƙafarta. GCC, tafintan da ke juya rubutunsa zuwa harshen inji, yakan jingina ta da wani rumbun ayyuka na haɗaka mai suna libstdc++.so.6. Tun fitowar GCC 3.4 a 2004 sunan nan bai canja ba, alhali an sha sauya abin da ke ciki. To, da wace hujja rumbun yau yake amsa sunan na wancan zamani? Tsohuwar tambaya ce, wadda masana falsafar Girka suka yi kan jirgin ruwan da aka sauya katakansa ɗaya bayan ɗaya.

A ganina, alkawari ne ke riƙe da sunan, shi kuwa alkawari kaya ne. Masu haɗa kunshin manhaja na Debian, wadda Ubuntu ta samo asali daga gare ta, sun fahimci haka, shi ya sa suke ajiye rajista: kowane aiki da rumbun ke bayarwa an rubuta sunansa da sigar da ya fara bayyana a cikinta. Duk sanda aka sake haɗa kunshin, wani kayan aiki mai suna dpkg-gensymbols yakan gwada sabon rumbu da rajistar; in wani suna ya yi ɓatan dabo, aiki ya tsaya cak. Hikimar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni da rubuta bashi ƙarami ko babba. Ba zargin kowa ake yi da cin amana ba, mantuwa ake yi wa shinge.

Wani zai ce wannan ɗaurin talala ne, domin riƙe tsoffin sunaye yana tauye ci gaba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 2015, da GCC 5 ya zo da sabon tsarin std::string, ma'ajin rubutu na C++, don bin ƙa'idar C++11, sai da aka ajiye tsoho da sabo cikin rumbu ɗaya, Debian kuma ta sha aikin sake haɗa kunshi masu yawa. Amma da an yar da tsohon, wahalar ba gushewa za ta yi ba. Komawa za ta yi kan mai ƙaramin ƙarfi, wanda kuɗin data ba zai bar shi ya sake sauke komai ba. Suka mafi nauyi ita ce inji ba shi da niyya, don haka kiran wannan amana wuce gona da iri ne. Sai dai amanar tana wuyan mutum ne. Idan suna ya ɓace, mai haɗa kunshin yana iya goge layin daga rajista, ko ya yi masa alamar ba dole ba, aiki ya wuce salin-alin. Wani lokaci hakan daidai ne, tunda wasu sunayen sukan bambanta tsakanin injin amd64 da na arm64. Wani lokaci kuwa tsohuwar manhajar wani ce za ta ƙi tashi a Gidan Kwano, kuma dpkg-gensymbols ba ya iya gaya masa wanne ne a cikin biyun, sai shi ya zauna ya bincika.