Wa Zai Ɗauki Asarar Siminti?

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aka kuma saki Naira, magina a Kano suke tsoron jinga. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu wurare. Rodi da kwano suka bi sahu. Wanda ya karɓi kwangila da tsohon farashi sai ya tsaya a linta, kuɗi sun ƙare.

Mai gida yana cewa alkawari kaya ne, kuma yana da gaskiya: cika alkawari wajibi ne. To amma malaman Malikiyya sun yi hukunci kan annobar da ta faɗa wa 'ya'yan itace bayan ciniki, kamar farin ɗango: in ta cinye sulusi, a rage wa mai saye kuɗi. Faɗuwar Naira annoba ce irin wannan? Ni ina ganin ta yi kama, ko da yake fari ba su da gwamnati. Magini bai jawo ta ba.

Abin da nake tsoro shi ne maginin da aka matsa wa ya yi shiru, ya ƙara yashi a kwaɓi, ya rage rodi a dakin, sannan iyalin mai gidan su tare a ƙarƙashinsa.