Wa Ke Da Alhakin Yaƙin 1914?

Ya kai mai karatu, ka sani cewa kowace fitina tana da sanadi na zahiri, tana kuma da tushe na ɓoye, kuma mai hankali ba ya yanke hukunci sai ya bambance su. Bari mu auna wannan magana da Yaƙin Duniya na Farko.

Ran 28 ga watan Yuni 1914, a birnin Sarayebo na ƙasar Bosniya, wani saurayi ɗan shekara 19, Gavrilo Princip, ya harbe Yarima Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya da Hangari, tare da matarsa. Bayan wata guda Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi a kan Sabiya, kafin 4 ga Agusta kuwa Jamus da Rasha da Faransa da Ingila duk sun shiga. To, shin wannan saurayi shi kaɗai zai ɗauki alhakin jinin sojoji wajen miliyan 9?

Lalle kisan kai babban laifi ne, amma bai isa ya zama tushen yaƙin ba. Ai an kashe Shugaban Faransa Carnot a 1894, an kashe Sarkin Italiya Umberto a 1900, ba a yi yaƙi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsagewar farko ita ce ƙullatar juna: Faransa ba ta manta da yankunan Alsas da Loren da Jamus ta ƙwace mata a 1871 ba. Ta biyu kwaɗayin ƙasar wani, wanda ya sa Jamus da Faransa suka kusa gwabzawa a kan Maroko a 1905 da 1911, ya kuma sa Ostiriya ta haɗiye Bosniya a 1908, Sabiyawa suka ƙullace ta. Ta uku tsoro, wanda ya sa Ingila da Jamus tseren ƙera jiragen ruwan yaƙi, kowa na cewa kare kansa yake yi.

Ta huɗu, wadda ta fi buƙatar tunani, ita ce ƙawance. Jamus da Ostiriya da Italiya sun ƙulla alkawari a 1882, Faransa da Rasha a 1894, Ingila kuma ta daidaita da Faransa a 1904, da Rasha a 1907. Cika alkawari hali ne na kirki. Amma da Ostiriya ta yi niyyar murƙushe Sabiya, Jamus ta ba ta goyon baya ba tare da sharaɗi ba, Rasha kuma ta tara mayaƙanta domin Sabiya. Wannan ita ce asabiyya: ka tsaya wa naka ko yana kan gaskiya ko yana kan zalunci. Abokin ƙwarai shi ne mai riƙe hannun abokinsa idan ya ɗaga shi don ɓarna.

Da aka yi sulhu a Basai a 1919, waɗanda suka ci nasara suka ɗora laifin a kan Jamus da abokanta, suka wanke kansu. Shekara 20 bayan haka wutar ta sake tashi.

Saboda haka alhaki yana kan wanda ya ƙyasta ashana, yana kuma kan duk wanda ya yi shekaru yana tara itace. Duk mai riƙe da al'amuran jama'a ya binciki zuciyarsa tun kafin ranar da ba a jin nasiha. Allah Ya kiyashe mu da fitina, amin.