Idan Muguwa Ta San Ƙarshenta

A tatsuniyoyin da ake yi wa yara a tsakar gidajen Makera, kishiyar uwa ba ta da zaɓi. Tun kafin ta buɗe baki an yanke mata hukunci: za ta gallaza wa marainiya, ta ƙare cikin nadama. To, da za a sanar da ita ƙarshenta tun farko fa?

Wani labarin Japan na Satoru Yamaguchi, wanda ya fara fitowa a 2014, ya gwada wannan. Wata ɗaliba ta mutu, ta sake rayuwa a matsayin Katarina, muguwar wani wasan kwamfuta da ta sani, wadda kisa ko kora ke jira. Don ta tsira, sai ta shiga kyautata wa waɗanda aka tsara za ta zalunta. Komawa duniya a wani jiki ba aƙidarmu ba ce, amma tambayar tamu ce: kirkin da tsoro ya haifa, kirki ne?

Mai tsananta hukunci zai ce a'a, tunda niyya ce ma'aunin aiki. Sai dai niyya ma tana girma. Wadda ta ciyar da marainiya yau don gudun azaba, gobe ta san abincin da yarinyar ke so, jibi ta kasa barci in ba ta ci ba. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, amma zane ba ya shiga dutse da bugu ɗaya. Wadda ta canza bugun tun dutsen bai karɓa ba, a bar kiranta muguwa.