AIKIN GIDA TSAKANIN MIJI DA MATA: INA IYAKAR DOGARO?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicce mu maza da mata, Ya sanya ƙauna da jinƙai a tsakanin ma'aurata. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da ya kamata mu yi wa kanmu, mu mazauna ƙasashen Ƙonni da Malbaza da Illela. Shin dogaron da miji ke yi da matarsa wajen girki da wanki da shara, da dogaron da mace ke yi da mijinta wajen cefane da gyaran ɗaki da sha'anin gona, alheri ne ko kuwa aibi ne? Kuma wane ɓangare na wannan rabon aiki ne shari'a ta ɗora, wane ne al'ada ta ɗora?

Da farko dai, dogaro da juna ba aibi ba ne. Shi ne ma ginshiƙin zaman aure, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomin albasa na Galmi da ke kwana wajen ban ruwa, ko ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza da ke fita tun asuba, ba zai iya haɗa wannan da surfe da daka ba. Haka nan mai goyo da ke tsaye kan murhu ba za ta iya bin amalanke zuwa kasuwar Badagishiri ba. Rabon aiki rahama ne, kuma gidan da kowa ya san abin da ke kansa ya fi zama lafiya.

Amma akwai bambanci tsakanin mutumin da ya bar wa abokin zamansa aiki alhali ya iya shi, yana kuma ganin nauyinsa, da wanda ya bar shi don yana ganin ya fi ƙarfin yin sa. Na farko yana godiya, ran da aka gaza kuma sai ya miƙe ya kama. Na biyu ba ya godiya, domin ba ya ganin an yi masa komai, ran da aka gaza kuma sai faɗa.

Mu dubi abin da malamanmu suka ce. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa idan mace tana daga cikin waɗanda aka saba yi wa hidima, mijin kuma yana da hali, to wajibi ne ya samo mata mai aiki. Idan ba haka ba, hidimar cikin gida kamar kwaɓa gari da shara da shimfiɗa tana kanta, amma ba a tilasta mata saƙa ko kaɗi, domin wannan neman kuɗi ne, ciyarwa kuwa a kan miji take. A mazhabar Shafi'i ma, fitacciyar magana ita ce hidimar gida ba wajibi ba ce a kanta, kyautatawa ce. Ashe ke nan abin da da yawa daga cikinmu suke ɗauka tamkar bashi ne da suke bi, malamai sun yi masa iyaka da sharuɗɗa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin wannan yanki namu a shekarar 1754, ya yi kakkausar magana kan wannan a littafinsa Nurul Albab. Ya zargi mazan da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, suna amfani da su kamar kayan aikin gida, suna yi musu wa'azin biyayya ga miji ba tare da sun koya musu biyayya ga Allah ba. Ƴarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa tsarin ƴan taru, jajjai suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Idan aikin gida ya cinye yinin mace har ba ta da lokacin koyon hukuncin alwala da salla, wa za a tambaya ranar gobe?

Mafificin abin koyi shi ne gidan Manzon Allah (SAW). Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. An kuma ruwaito cewa yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa, ya tatsi akuyarsa. A ɗaya ɓangaren, Nana Faɗima (RA) ta yi niƙa har hannunta ya yi kanta, Asma'u ƴar Abubakar (RA) kuma ta kula da dokin mijinta Zubairu, ta ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gonarsa. Babu wanda mutuncinsa ya ragu a cikinsu. To, daga ina muka samo cewa namijin da ya hura wuta don matarsa ba ta da lafiya ya zama mijin-ta-ce?

Rayuwarmu da kanta tana ƙaryata wannan magana. Jihar Tawa ta shahara da tafiya cin rani. Da zarar an ɗaure damma an zuba a rumbu, sai samari da magidanta su kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya. A can su ne ke dafa abincinsu, su wanke tufafinsu, su share ɗakinsu. Wasu ma da sayar da shayi ko wanki da guga ko ga-ruwa suke samun abin da suke aikowa gida. Aikin da mutum ya yi wa baƙo don a biya shi, ta yaya zai zama abin kunya idan ya yi wa uwar ƴaƴansa don Allah?

A nan gida kuwa, matan da aka bari su ne ke ba dabbobi ruwa, su auna hatsin rumbu, su kai yaro asibiti cikin dare. Idan damina ta faɗi maigida bai dawo ba, su da yara ne ke shuka da noma. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a 2019, da kuma rufewar 2023, magidanta da yawa da ke cin abinci da bakin iyakar Ƙonni sun rasa abin yi, gidaje da yawa kuma da cinikin fura da ƙosai da ƙuli-ƙulin mata suka rufa asiri. Mace ta ɗauki aikin namiji an ce ta yi ƙoƙari. Me ya sa in namiji ya ɗauki tulu sai a yi dariya?

Cutarwar wannan hali a fili take. Idan uwargida ta kwanta ciwo ko tana jego, maigida kuma bai iya ko dama kunu ba, nauyin yakan faɗa kan ƴar yarinya, a hana ta zuwa makarantar boko da ta allo. Haka kuma matar da ba a taɓa nuna mata iyakar gona ba, ba ta san wa ake bi bashi ko wa ke bi ba, ba ta san an jinginar da garka ba, ran da miji ya rasu sai haƙƙin marayu ya salwanta. Jahiltar aikin juna ba ya kare martabar kowa, sai dai ya bar gida tsaye da ƙafa ɗaya.

Wani zai ce: idan aka buɗe wannan ƙofa, ai tsarin gida zai rushe, mata su raina maza. Amsa ita ce, ba mu ce a soke rabon aiki ba, ba mu kuma ce a sauke wa miji shugabanci ba. Shugabanci a Musulunci ɗaukar nauyi ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa kowa makiyayi ne, za a kuma tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Raini yana shigowa ne ta hanyar zalunci da rowa da rashin cika alkawari. Ba mu taɓa jin ya shigo ta hanyar tausayi ba.

Saboda haka muna kira ga iyaye su koya wa ƴaƴa maza hura wuta da dafa abinci da wanke tufafinsu, su koya wa ƴaƴa mata karatu da lissafi. Magidanta su sanar da iyalinsu dukiyarsu da basussukansu, su rubuta basussukan kamar yadda Alƙur'ani ya umurta. Mata su ma su daina yi wa ƴar'uwarsu gori don mijinta ya taimake ta, domin sau da yawa daga bakin uwar miji da maƙwabta gorin ke fitowa. Limamai kuma su riƙa karanta babin ciyarwa da hidima a wajen ɗaurin aure, kowa ya ji haƙƙinsa da abin da ke kansa.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya sa mu zamo masu tausaya wa iyalanmu, Ya shiryar da zuriyarmu, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.