Wa Za Ka Ba Kujera?

A yawancin gidajenmu na ƙauye kujerar baƙi ɗaya ce, sauran wurin zama sai tabarma da buzu. Saboda haka in baƙi biyu suka yi sallama tare, maigida yakan nuna abin da ke zuciyarsa tun bai ce kome ba. Wanda ya tura wa kujera, shi ya girmama.

Yaro ya tashi wa babba, wannan ladabi ne mai kyau. Amma sau da yawa riga muke dubawa. Mai babbar riga ya sauko daga mota, sai a yi ta kakkaɓe kujera. Tsoho ya tako da ƙafa daga gona, sai a bar shi tsugune a bakin zaure. Yakubu ya tsawata wa masu bi a kan wannan hali a sura ta 2 ta wasiƙarsa, domin sukan zaunar da mai zoben zinariya a wuri mai kyau, su bar matalauci a tsaye. Ya kira wannan tara, ya ce zunubi ne.

Ku dubi 'yar kujerar tsuguno ta uwargida. Duk gidan ba wadda ta kai ta gajarta, ba mai ba baƙo ita. Amma a kanta ake tuƙa tuwon da kowa zai ci, a kanta ake wanke jariri. Ashe tsawon kujera ba ya auna darajar mai zama.

Ko kujerar mulki ma aro ce. Jori Hamani ya zauna a kanta daga 1960, soja suka tashe shi a 1974. Saini Kunce ya hau, mutuwa ta tashe shi a 1987. Kujera tana nan a Yamai, su kuwa sun wuce. To, balle benci na gaba a majami'a, wanda har 'yan'uwa sukan yi fushi da juna a kansa?

Ya ɗan'uwa, 'ya'yanka suna kallo. Daga wurinka za su koyi wanda ake tashi dominsa. In kujera ɗaya ce, ka ba tsoho, ko mai ciki, ko wanda ya fi gajiya. In babu, ka shimfiɗa tabarma ku zauna tare, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.