Wasa Ya Koma Aiki: Shin Janyewa Cin Amana Ne?



Tambayar wannan makon daga matasanmu ta fito, kuma ba sau ɗaya aka kawo ta ba. Ga yadda take. Mutum ya shiga guruf ɗin masu buga gem a waya don ya ɗan huta bayan an tashi daga kasuwa. Sannu a hankali ya zama shi ne mai tsara gasa, shi ke karɓar kuɗin shiga, shi ke raba faɗa, shi ake bugo wa ƙarfe ɗayan dare idan an rasa mutum guda a tawaga. Yanzu wasan ya fita ransa, ya gaji, amma yana jin nauyin abokansa. To idan ya janye, ya ci amana ke nan?

Na san akwai dattijon da zai ce, wannan ma har tambaya ce? A ajiye wayar mana, shi ke nan. A yi haƙuri, Alhaji, a ɗan saurara. Yaron da ya kawo wannan tambaya amana ce ta hana shi sukuni, kuma irinsa kake nema ka bar wa shago idan za ka tafi Kano sari. Ba a yi wa irin wannan dariya, amsa ake ba shi.

Wasa a karan kansa ba abin kunya ba ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma bar ta ta kalli Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci. Mu ma mun tashi mun tarar da manya suna dara a gindin bishiya. Amma ku tuna yadda dara take ƙarewa. Ladan ya ɗaga murya, a share ramukan da tafin hannu, kowa ya kama buta. Wanda bai zo gobe ba, ba a cin sa tara, ba kuma abin da ya ragu a jikinsa. Abin da ya sa ake ce mata wasa ke nan: kana iya tashi.

Gem ɗin waya kuwa, da yawa daga cikinsu an gina su ne don kada ka tashi. Akwai kyautar da sai ka leƙa kullum za ka samu, ka tsallake rana ɗaya lissafi ya koma farko. Akwai matsayin da ke zamewa idan ka yi kwana biyu ba ka buga ba. A Clash of Clans, wanda wani kamfani na ƙasar Finlan ya fitar a 2012, ana haɗa mutane ƙungiya-ƙungiya a sa musu ranar yaƙi, kowa da harin da zai kai kafin lokaci ya cika. Idan ba ka kai naka ba, ba kai kaɗai ka faɗi ba, ka jawo wa mutane. Kun ga dabarar? Kamfanin ba ya buƙatar ya tsare ka da kansa. Kunyar abokanka ce za ta tsare ka.

Ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba, don duk wanda ke shiga kasuwar Kafanchan ya ga 2024 da idonsa. A shago, a tasha, a kan babur ana jiran fasinja, yatsu na ta dannar fuskar waya. Mainin, in ji yara. Kuma ni ban ga laifin wanda ya sa rai ba. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, a daminar shekarar kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko har zuwa nan Jama'a, manomi ya yi kuka, ɗan kasuwar da ke jiran buhu ya taya shi. Ana cikin wannan hali sai Notcoin ta fashe a watan Mayun 2024, wasu suka ga kuɗi na gaske a hannu. Daga nan kowa ya ruga Hamster Kombat a Telegram.

A matsayin wasa aka kawo ta, ga ɗan dabba mai kama da ɓera sanye da kwat. Amma a dubi tsarinta. Ribar da ake tara maka tana tsayawa bayan awa uku, sai ka dawo ka buɗe. Awa uku fa! Ko mai gadin sito ba a tashinsa haka. Kullum akwai katunan da za a nemo, da kalmar sirri, da bidiyon da za a kalla a YouTube, da mutanen da za ka gayyato. Aka kafa guruf-guruf, aka sami waɗanda ke hana idonsu barci don su riga kowa kawo amsar ranar. Masu abin sun ce mutum miliyan 300 ne suka shiga a duniya. Ran 26 ga Satumba 2024 aka raba, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya: da yawa sun lissafa sun ga abin da ya faɗo musu bai rufe kuɗin data da cajin waya ba. Su kuwa masu tashar bidiyon sun riga sun tara miliyoyin masu kallo. Ashe dai an yi aiki, an kuma biya, sai dai ba wanda ya yi aikin ne ya karɓa ba.

Mu 'yan kasuwa ne, bari mu auna abin da mudunmu. A fiƙihu, idan za a ɗauki mutum aiki, sharaɗi ne a san aikin ko tsawon lokacinsa, a kuma san ladan. Ɗan dako ya san nawa ne buhu kafin ya ɗora a ka. Yaron shago ya san lokacin rufewa, ya san ubangidansa da ido, yana kuma sa ran wata rana a sallame shi da jari. To shi wannan admin ɗin namu fa? Ba lokacin tashi, ba lada, wanda yake yi wa hidimar ma bai san da zamansa a duniya ba. Hutun da ake samu a wasa ya rasa shi, ladan da ake samu a aiki bai gan shi ba. Hausawa na da sunan wannan: aikin baban giwa. Barin irin wannan ba ya buƙatar doguwar fatawa.

Inda tambayar ta yi nauyi shi ne mutanen. Kamfani ba shi da hakki a kanka, amma waɗanda kuke bugawa tare 'yan Adam ne, kuma a garin nan ba zan raina wannan ba. Kafanchan ta ga 1987, ta ga 2011. Akwai unguwannin da yaranmu ba sa shiga da dare, akwai yaran da ba sa shigowa namu. Amma a cikin waɗannan guruf-guruf za ka tarar da Bahaushe da Bajju da Fantswam da Kaninkon da Ibo a tawaga ɗaya, suna tsokanar juna, wani ma ya tura wa wani data. Abin da tarukan sulhu da yawa suka yi ta nema, ga shi yara sun samu a wajen wasa. Wanda ya ji nauyin yanke wannan igiya yana da gaskiyarsa.

Sai dai a bambance tsakanin abin da ka ɗauka da abin da aka saba ganin kana yi. Amana tana kan abin da ke hannunka da abin da ka yi alkawari. Ku dubi adashi. Wanda ya kwashi nasa sannan ya ɓace, ɓarawo ne, ko da carbi a hannunsa. Wanda ya bari aka zagayo, kowa ya kwasa, sannan ya ce wa uwar adashi a cire shi a zubi na gaba, babu mai cewa ya ci amana, ko da an ji ba daɗi. Haka nan a nan. In akwai gasar da ka fara tsarawa, ka kai ta ƙarshe. In akwai kuɗin mutane a asusunka, ka mayar wa kowa nasa, a rubuce, a gaban shaida. (Af, tun da an zo maganar kuɗi: gasar da kowa ke zuba nasa, wanda ya ci ya kwashe duka, a je a tambayi malamai kafin a sake ta, don ƙofar caca ce a buɗe.) Ka miƙa ragamar guruf ɗin da lambobin sirrinsa ga wanda jama'a suka yarda da shi, ka nuna masa yadda ake yi. Sannan ka yi sallama da bakinka, ka faɗi ranar da za ka sauka. Bayan wannan ba wanda ke bin ka bashi. Ba aure aka ɗaura ba, ko auren ma shari'a ta bar masa ƙofar rabuwa da kyautatawa.

Cin amanar yana wani wuri dabam, kuma shi aka fi yi. Mutum ya kashe waya mako guda, ya ce ta faɗa ruwa. Ko ya fita cikin dare ba ko sallama, ya bar mutane da lissafin da ba su san kansa ba. Ko kuma, wannan ya fi ba ni haushi, jiya-jiya ya bari, yau ya dawo yana yi wa sauran wa'azi kamar su ne 'yan wuta. Kai ɗan'uwa, kai ka gaji, su ba su gaji ba tukuna. Ka tafi da mutuncinka, ka bar su da nasu. Abokin da ka samu a can kuwa, in aboki ne, zumunta a ƙafa take: ka je masa gaisuwar rasuwa, ka kai masa naman Sallah, ka tsaya a shagonsa in ka biyo ta layin. Wanda abotarku ba ta iya rayuwa sai a cikin gem, da ma gem ɗin ne abokinka.

Akwai kuma mai cewa, shekara uku ina gina wannan matsayi, yanzu in bar shi ya tafi a banza? Wannan kowane ɗan kasuwa ya san amsarsa. Kayan da ya yi kwantai ba a ƙara masa jari don a huce haushin na farko. Shekara ukun ta riga ta tafi, ta huɗun ce a hannunka.

Ga mai jin cewa hutawa son kai ne, ya tuna labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i da ke cikin Bukhari. Salmanu ya ziyarci ɗan'uwansa ya tarar da matar gidan ba ta ko gyara jikinta, saboda maigida ya duƙufa azumi da rana, tsayuwa da dare. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa ma suna da nasu hakkin bayan hakkin Ubangiji, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Nafila ke nan aka rage saboda barci da iyali. Ina ga gasar Free Fire? Ayar ƙarshe ta Suratul Jumu'a, wadda muke ji a wannan rana, ta haɗa ciniki da wasa a wuri guda, a matsayin abin da ya taɓa janye mutane daga huɗuba. Don haka kada mai shago ya yi saurin nuna ɗan gem da yatsa.

Ba lallai ne kowa ya bari gaba ɗaya ba. Wani sauka daga shugabanci ya ishe shi, ya koma mai bugawa ran Lahadi da yamma. Amma in faɗi abin da na lura: wanda ya saba ɗaukar kaya, in yana nan a wurin, za a ci gaba da ɗora masa. Irinsa gara ya yi nisa na wata biyu ko uku tukuna. Wanda kuma ya gwada bari ya kasa, har abin ya taɓa sallarsa da karatunsa da cinikinsa, kada a tsaya zagi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan kamu cikin jerin cututtuka tun 2019, a kai shi ya ga likita kamar yadda za a kai mai ciwon suga.

Saura ku, iyaye da iyayen gida. Ranar da yaron nan ya janye, zai sami kansa da awanni a hannu da kuma kewa, kuma a makon farko ne ake komawa. Kada a tare shi da gori. Wanda ya iya tsara wa mutum arba'in jadawali, ya riƙe kuɗinsu ba a rasa ko sisi ba, zai iya riƙe littafin bashi, zai iya lissafin buhunan da aka loda zuwa Legas. Kwamitin masallaci ma na buƙatar irinsa wajen lissafin gudummawar Juma'a da rajistar ɗaliban Islamiyya. Sai dai mu ma mu kiyaye, don mun iya wannan halin: a sami yaro mai kunya a jibga masa komai da sunan aikin Allah, har ya fara ɓuya idan ya hango ɗan kwamiti. In za a ba shi aiki, a gaya masa ranakun, a gaya masa lokacin tashi, a yanka masa wani abu ko na sabulu ne, a kuma sanar da shi tun ranar farko wanda zai miƙa wa littafin idan ya so sauka.

Wassalamu alaikum.